Yadda za ka daddatsa adadi mai lamba ashirin da biro da takarda

A ɗakin da nake koyar da lissafi da yamma a Tudun Wada, akwai adadin da nake rubuta wa 'yan SS2 a allo duk shekara, da zarar sun fara sakin jiki da ni:

18,446,744,073,709,551,615

Sai ajin ya yi tsit. Wani ya laluba kalkuleta a jaka, ya tarar ba ta nuna abin da ya wuce lamba goma. Bara wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, wannan ai sai kwamfuta." Na ce mata, "'Yata, ɗauko biro. Kafin a kira magariba ke da kanki za ki faɗa mini abin da ke cikinsa." Hanyar da muka bi ranar ita zan shimfiɗa a nan, kuma tana aiki a kan kowane adadi da ya tsorata ka.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Idan na ce "adadi", ina nufin abin gaba ɗayansa. Idan na ce "lamba", ina nufin ɗaya daga cikin alamomin nan goma, 0 zuwa 9. Adadin da ba abin da ke raba shi ba saura sai 1 da shi kansa, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, a aji ana ce masa firayim. Ni gagara-rabo nake kiransa.

Mataki na farko: sa masa waƙafi, ka kira sunansa

Fara daga dama, ka ware lambobin uku-uku. Namu ya ba da rukuni shida cikakku da 18 a gaba, lamba ashirin ke nan. Kowane rukuni da sunansa: kwintiliyan 18, kwadiriliyan 446, tiriliyan 744, biliyan 73, miliyan 709, dubu 551, da 615. Ka kula da rukunin biliyan, 073 ne. Nan yara suka fi yin tuntuɓe, su yar da sifilin wajen kwafa, adadin ya koma wani daban.

Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri suna da zambar, suna da keso na wuri dubu ashirin, abin da ya wuce ƙirga kuma su ce malala gashin tunkiya. Namu ya fi gashin tunkiya nesa ba kusa ba. Da za ka riƙa ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba salla ba cin abinci, sai ka yi shekara biliyan 584 da ɗoriya. Da mutanen duniya biliyan takwas za su raba aikin a tsakaninsu, jarirai da tsofaffi duka, kowa sai ya yi shekara 73 yana ƙirga.

Mataki na biyu: duba wutsiya

Lambar ƙarshe tana faɗa maka ko adadi cika ne ko mara. Namu ya ƙare da 5, don haka mara ne, 2 ba ya raba shi, 5 kuwa yana raba shi. Lambobi biyu na ƙarshe su ne 15. Abin da 25 ke rabawa dole ya ƙare da 00, 25, 50 ko 75, saboda haka 5 sau ɗaya tak ya shiga cikinsa. Daga nan ma ka gane cewa ba murabba'i ba ne, wato ba a same shi ta ninka wani adadi da kansa ba, domin duk murabba'in da ya ƙare da 5 da 25 yake ƙarewa: 25, 225, 625, 1,225.

Mataki na uku: tara lambobinsa

Rukuni-rukuni ya fi sauƙi. 18 ya ba da 9, 446 ya ba da 14, 744 ya ba da 15, 073 ya ba da 10, 709 ya ba da 16, 551 ya ba da 11, 615 ya ba da 12. Jimla 87. Uku yana raba 87 sau 29, don haka yana raba adadinmu. Tara ba ya raba 87, saura 6 yake bari, kuma 6 ɗin nan shi ne abin da zai saura da ka raba adadin gaba ɗaya da tara. Ajiye wannan 6, zai yi mana amfani a gaba.

Ba na son yaro ya haddace wannan doka bai san dalilinta ba. Raba naira goma ga mutum tara, kowa ya sami ɗaya, saura ɗaya. Raba naira ɗari, kowa sha ɗaya, saura ɗaya. Raba dubu, kowa 111, saura ɗaya. To ɗari bakwai za ta bar saura bakwai, dubu huɗu ta bar saura huɗu. Kowace lamba, a duk gurbin da take, kanta take bari a matsayin saura. Shi ya sa tara lambobin ya wadatar.

Mataki na huɗu: jifa ɗaya, 7 da 11 da 13

Ninka 7 da 11 da 13, za ka sami 1,001. Wannan yana nufin dubu ta gaza abin da su ukun ke rabawa da ɗaya kacal. Amfanin hakan shi ne, za ka iya ɗaukar rukunonin nan na uku-uku daga dama, kana ɗebewa kana tarawa bi da bi:

615 − 551 + 709 − 73 + 744 − 446 + 18 = 1,016

Cire 1,001, saura 15. Yanzu adadi mai lamba ashirin ya koma 15 a idon waɗannan ukun. Bakwai ya bar saura 1, sha ɗaya ya bar saura 4, sha uku ya bar saura 2. Ba ko ɗaya a cikinsu da ke raba shi.

Zuwa nan muna da 3 da 5, mun kuma kori 2, 7, 11 da 13, duk a cikin minti goma. Amma a nan ne dabarun haddacewa ke ƙarewa. Wanda ya ce zai ci gaba da gwada 17, 19, 23, ɗaya bayan ɗaya da doguwar rabawa, zai yi rabawa sama da dubu shida da ɗari biyar kafin ya gama da wannan adadi. Ba aikin yamma ɗaya ba ne.

Mataki na biyar: tambayi asalinsa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da na fi son ɗalibi ya tafi da shi. Je ka mahauta a Zango ka tsaya bayan gwanin mahauci. Ba ya sarar ƙashi ta ko'ina da ƙarfin tsiya. Yana laluba gaɓa da yatsa, ya sa wuƙa a nan, cinya ta rabu da kanta. Babban adadi ma yana da gaɓoɓi, kuma ba za ka gan su ba sai ka san yadda aka haife shi.

Namu ya fito ne daga tsohon labarin shaɗaranji, wasan nan mai gida 64, wanda malamin tarihi Ibn Khallikan ya rubuta a ƙarni na 13. Wanda ya ƙago wasan ya roƙi sarki ladar ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ninkawa har gida na 64. Gwada da gida huɗu: 1 da 2 da 4 da 8 sun zama 15, wato 16 ba ɗaya. Gida biyar 31, wato 32 ba ɗaya. Gida 64 kuwa, 2 ne a ninka shi da kansa sau 64, a cire ɗaya. A rubuce, 2⁶⁴ − 1.

Da ka san haka, kana iya tabbatar da girmansa ba tare da ka ƙirga ba. 2¹⁰ shi ne 1,024, dubu da 'yan kai. A cikin 64 akwai goma sau shida, saura huɗu. Dubu a ninka sau shida ta ba da 1 da sifili 18, 2⁴ kuma 16 ne. Ka ga 16 da sifili 18, lamba ashirin cif. 'Yan kan nan na 24 su suka taru suka ɗaga 16 zuwa 18 da wani abu.

Yanzu ɗauko dokar da kowane ɗan WAEC ya sani: murabba'i a cire masa murabba'i. 100 − 9 daidai yake da 10 − 3 sau 10 + 3, wato 7 sau 13, 91. To 2⁶⁴ murabba'in 2³² ne, 1 kuma murabba'in kansa ne. 2³² shi ne 4,294,967,296. Cire masa ɗaya, ƙara masa ɗaya:

4,294,967,295 × 4,294,967,297

Sara ɗaya, lamba ashirin ta rabu gida biyu, goma-goma. Kafin ka yarda, gwada da tara. Lambobin na farko sun taru 57, 5 da 7 sha biyu, 1 da 2 uku. Na biyu sun taru 59, sha huɗu, biyar. Uku sau biyar 15, 1 da 5 shida. Ga 6 ɗin da muka ajiye. Wannan gwaji ba ya kama kowane kuskure, idan ka juya lambobi biyu ba zai gani ba, amma yana kama mafi yawa, kuma ba ya cin minti ɗaya.

Na farkon, 2³² − 1, irin babansa ne, sai a sake sara a gaɓa ɗaya: 65,535 × 65,537. Shi ma 65,535 ya rabu 255 × 257. Sai 255 ya zama 15 × 17, 15 kuma 3 × 5. Ga 3 da 5 ɗinmu sun fito ta wata ƙofa, sun kuma zo da 'yan'uwa:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297

Mataki na shida: wane gunduwa ne ke da sauran gaɓa?

Don ka tabbatar adadi gagara-rabo ne, ba sai ka gwada komai da ke ƙasa da shi ba. Idan adadi biyu suka ninku suka ba da shi, ɗaya daga cikinsu ba zai wuce tushen murabba'insa ba. Ga 257, 16 sau 16 256 ne, don haka 2, 3, 5, 7, 11 da 13 kawai za ka gwada. Ba wanda ya shiga. Ga 65,537, iyakar ita ce 256, kuma gagara-rabo 54 ne a ƙasa da ita. Na kan raba su ga 'yan aji, kowa uku ko huɗu. Ba wanda ya taɓa shiga, domin shi ma gagara-rabo ne.

Saura babban, 4,294,967,297. A kan wannan adadi babban masani ya yi kuskure. Pierre de Fermat, wani masanin shari'a a ƙasar Faransa da ya shahara da lissafi, ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk gagara-rabo ne, kuma kowanne 2 ne da aka ninka aka ƙara ɗaya: 2¹, 2², 2⁴, 2⁸, 2¹⁶. A 1640 ya rubuta cewa yana ganin duk na gaba ma haka za su kasance. Aka yi shekara 92 ba wanda ya karya maganar, sai a 1732 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa 641 yana raba na shidan. Har yau kuma ba a sake samun ko ɗaya a wannan jeri da ya zama gagara-rabo ba bayan biyar ɗin farko.

Duk lokacin da na zo wannan wuri na kan tsaya in gaya wa yara cewa a daidai waɗannan shekaru wani Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, yana rubutu da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lissafi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Ina so su san wasa da adadi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Euler bai gwada komai da komai ba, shi ma asali ya bi. Ya gano cewa duk gagara-rabon da zai raba 2³² + 1 dole ya zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. A cikinsu 193, 257, 449, 577 da 641 ne kawai gagara-rabo. A gwaji na biyar ƙofa ta buɗe.

Ga yadda za ka gani da idonka ba tare da doguwar rabawa ba. Dabarar ita ce ka riƙa ninka adadi da kansa, kana yar da duk abin da 641 ya cinye, kana riƙe saura kawai. 2¹⁶ shi ne 65,536. 641 sau 102 ya ba da 65,382, saura 154. Tun da 2³² shi ne 2¹⁶ sau kansa, saurar ma sai ka ninka ta da kanta: 154 × 154 = 23,716. Yanzu ninka 641 da 37. Ka sami 23,717. Tazarar ɗaya ce tak. Wato 2³² ya gaza abin da 641 ke rabawa da ɗaya, da ka ƙara masa ɗayan nan sai ya cika. Yarinyar nan ita ta fara kaiwa 23,717 a takardarta. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wallahi ya shiga."

Raba ɗin ya ba da 641 × 6,700,417. Shin 6,700,417 zai sake rabuwa? Tushen murabba'insa bai kai 2,589 ba. A 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse dokar Euler, ya nuna cewa mai rabawar dole ya zama ninkin 128 da ƙarin ɗaya. Irin waɗannan guda 20 ne a ƙasa da iyakarmu, kuma biyar ne kawai gagara-rabo a cikinsu: 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Yi rabawa biyar. Za ka sami saura 170, 44, 120, 334 da 622. Ba sifili ko ɗaya. An kai ƙashi.

18,446,744,073,709,551,615 = 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Mataki na bakwai: abin da gunduwoyin ke faɗa

Da zarar gagara-rabon adadi sun fito, sauran tambayoyi suna amsa kansu. Nawa ne ke raba shi ba saura? Duba sau nawa kowane gagara-rabo ya fito, ƙara ɗaya, ka ninka su. Misali 360 shi ne 2 sau uku, 3 sau biyu, 5 sau ɗaya, don haka 4 × 3 × 2, masu raba shi 24. Namu yana da bakwai, kowanne sau ɗaya, sai 2 a ninka sau bakwai: 128, har da 1 da shi kansa. Adadi mai lamba ashirin ke nan, amma masu raba shi ba su kai yawan 'yan aji uku ba.

Malaman hisabi na Larabci sun kasa adadi gida uku bisa jimlar masu raba shi, ban da shi kansa. Idan jimlar ta yi daidai da shi, tammi ne, kamar 6 da ya fito daga 1, 2, 3, ko 28, ko 496. Idan ta wuce, za'idi ne, kamar 12. Idan ta gaza, naƙisi ne. Don ka gane namu, tun da kowane gagara-rabo sau ɗaya ya fito a cikinsa, ɗauki kowanne, ƙara masa ɗaya, raba da shi, ka ninka sakamakon: 4/3 sau 6/5 sau 18/17, haka har ƙarshe. Ukun farko sun ba da kusan 1.69, sauran huɗun da ƙyar suka tura shi 1.70. Wannan sakamako shi ne jimlar masu raba shi, har da shi kansa, a raba ta da adadin, don haka sai ya zama 2 cif ake cewa tammi. Namu naƙisi ne.

A harshen kwamfuta, wanda ba ya da lamba sai 0 da 1, adadin nan 1 ne guda 64 a jere. Shi ne mafi girman abin da gurbi 64 zai iya ɗauka, kuma wannan 64 ɗin ita ce wadda kake gani a bayanin wayoyi da kwamfutocin zamani. Duk adadin da ke da siffar 2 a ninka a cire ɗaya ana jingina shi ga Marin Mersenne, wani masanin lissafi ɗan Faransa, kuma ba ya zama gagara-rabo sai yawan ninkin shi ma gagara-rabo ne. Tun daga ganin 64 ka san namu zai rabu. A wannan dangi ne aka sami ƙaton gagara-rabon da aka gano a watan Oktoba na 2024, mai ninki 136,279,841, wanda lambobinsa suka kai 41,024,320.

Idan za ka duba aikinka da na'ura

Ka yi hattara. Excel lamba 15 kawai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili, don haka idan ka sa shi ya lissafa 2⁶⁴ − 1 zai nuna maka 18,446,744,073,709,600,000, adadin da wutsiyarsa da jimlarsa duk ba na namu ba ne. Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, ba ya yanke ko lamba ɗaya, kuma ana iya sa shi a waya. Rubuta 2**64 - 1 zai ba ka duka ashirin ɗin, alamar % kuma tana ba da saura. Shawarata ita ce ka gama da biro tukuna, sannan ka tambayi na'ura ko kun yi daidai.

Idan kuma adadin da ke gabanka ba shi da asalin da ka sani, kamar lambar wayarka, matakai huɗun farko suna nan daram, sannan ka bi gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya, kana rage adadin duk lokacin da wani ya shiga. A lamba goma wannan abu ne mai yiwuwa. A adadi mai ɗaruruwan lambobi da aka haɗa daga manyan gagara-rabo biyu da gangan, ko manyan kwamfutoci sun kasa, kuma a kan wannan wahalar aka gina tsarin RSA, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare saƙonni a intanet.

Aikin gida da na ba ajin ranar shi ne maƙwabcin namu. Ƙara masa 2, ka sami 18,446,744,073,709,551,617, wato 2⁶⁴ + 1. Ya ƙare da 7, lambobinsa sun taru 89, duk dabarun farko ba sa kama shi. A 1880 Fortuné Landry ya wallafa cewa 274,177 yana raba shi, abokin ninkinsa kuma 67,280,421,310,721. Ka lura 274,177 shi ne 256 sau 1,071 da ƙarin ɗaya. Bi hanyar da muka bi da 641. Raba 4,294,967,296 da 274,177, zai shiga sau 15,664, saura 258,768, wato ya gaza cika da 15,409. Ninka 15,409 da kansa. Sannan ka ninka 274,177 da 866, ka ɗora amsoshin biyu ɗaya a kan ɗaya, ka duba lambar ƙarshe.